Taku Hamsin

A ɗakin Kawu akwai abu biyu da ba a taɓawa sai da izininsa: rediyonsa da bindigarsa. Rediyon dai muna satar kunna shi idan ya tafi masallaci. Bindigar kuwa tana rataye a saman ƙofa cikin wani tsohon bargo, ko kallonta muka daɗe muna yi sai mu ji kamar za ta kai ƙararmu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya yi aikin reluwe a Ƙaura Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya zo ya tuƙe tun 1929. Da ya bar aiki sai ya koma ƙauyenmu na asali a ƙasar Zurmi, ya kama noma. Bindigar a hannun wani Bature injiniya ya saye ta lokacin da Baturen zai koma gida, kuma yana da takardar lasin ɗinta a cikin gwangwanin da yake ajiye takardun fansho. Ƙirar kamfanin BSA ce ta Ingila, siririya, marar nauyi, mai cin harsashi ɗan mitsitsi da Turawa ke kira .22, saboda faɗinsa bai wuce milimita 5.6 ba. Maharban ƙauye masu adaka suna yi mata dariya, suna ce mata bindigar yara. Adakarsu idan ta tashi sai ƙauye ya amsa, hayaƙi ya turnuƙe, wani lokacin har mai harbin ya zauna daɓas. Ta Kawu kuwa "tas" kawai za ka ji, kamar an karya kara. Amma duk sun san cewa idan Kawu ya ɗaga ta a kan fakara, to a ɗora tukunya.

A hutun hunturun 1989 ina da shekara goma sha huɗu, lokacin duk ƙasar nan tana cikin jihar Sakkwato, Kawu ya fara fita da ni. Ranar farko bai ba ni harsashi ba. Ya kai ni gindin wata kuka a bakin fadama, wadda akwai gangaren yashi a bayanta, ya kafa murfin kwano a jikin gangaren, ya ce in ƙirga taku hamsin daga nan. Na ƙirga. Ya kwanta rub da ciki, ya ɗora bindigar a kan buhun yashi, ya harba sau biyar. Da muka je duba murfin, sule ɗaya ya isa ya rufe duka hujojin biyar.

Sai ya ce mu ja baya taku ɗari. Ya yi saiti daidai inda ya yi ɗazu, ya sake harba biyar. Wannan karon ko ɗaya bai taɓa tsakiyar murfin ba. Sun sauka ƙasa da shi da kamar taƙi guda, kuma sun warwatsu, tafin hannu ba zai rufe su ba. A taku ɗari biyu kuwa ƙura kawai muka gani tana tashi can ƙasa, nesa da murfin, wata dama wata hagu.

Ya ce, "Mi kag gani?"

Na ce na ga bindigar ta gaji.

Ya yi dariya ya ce, "Ba ta gaji ba. Gaskiyarta ta ƙare a taku hamsin. Bayan nan sai ta fara ƙarya, kuma wanga harsashi ko da ƙarya yakai, bai daina kisa ba."

Na ji maganar, na gyaɗa kai, kamar yadda yaro ke gyaɗa kai ga duk abin da zai sa a yi saurin miƙa masa abin da yake so.

Daga baya na karanta kimiyya, har na zama malamin lissafi da fiziks a Ƙaura, na gano cewa abin da Kawu ya auna da taku shi ne abin da littafi ke aunawa da mita. Dalmar da ke kan wannan harsashi nauyinta kusan giram 2.6 ne. Tana fita bakin bindiga da gudun kimanin mita 330 a daƙiƙa, wato dab da gudun sauti, wanda yake kusan mita 343 a daƙiƙa. Daga lokacin da ta fita, ƙasa ta fara janta, kamar yadda take jan mangwaron da ya tsinke daga reshe. Abin da ke ruɗin mutum shi ne faɗuwar ba ta tafiya daidai da nisa. Idan lokacin da harsashi ya yi a iska ya ninka biyu, faɗuwarsa ninkawa huɗu take yi. Sannan iska tana rage masa gudu a hanya, don haka mita hamsin na biyu sun fi na farko cin lokaci. Shi ya sa bindigar da aka daidaita a mita 50 take sauka ƙasa da kusan taƙi a mita 100, a mita 200 kuwa faɗuwar ta haura mita guda. Iskar gefe ma haka. Iskar da ba ta wuce ta kaɗa riga ba tana iya ture wannan 'yar dalma faɗin tafin hannu a mita 100, ta ture ta kusan kamu guda a mita 200. Mu kuwa iskar hunturu muke da ita, wadda ke taso wa mutum daga arewa maso gabas, ta lafa, ta sake tasowa kafin ya gama jan numfashi.

Akwai kuma wani abu a ƙirar harsashin kansa. Manyan harsasai suna da 'yar ƙyastu a tsakiyar gindinsu. Wannan kuwa sinadarin da ke kunna albarushinsa a cikin leɓen gindin kwanson aka zuba shi, a kewaye, allurar bindiga ta daki gefe. Tun 1887 aka fito da shi a Amurka, kuma arharsa ce ta sa ya bazu a duniya. Sai dai zuba sinadari daidai wa daida a cikin leɓe siriri haka abu ne mai wuya, don haka a kwali ɗaya za ka samu wani harsashin ya ɗan fi wani gudu. A kusa bambancin ba ya nunawa. A nesa shi ne ke sa wani ya sauka sama wani ƙasa, ko da hannun mai harbin bai motsa ba. A gasar Olamfik da irin wannan harsashi ake harbi, kuma a mita 50 ake yi. Tsakiyar allon da suke nema faɗinta milimita 10.4 ne, bai kai farcen babban yatsa ba. Ƙwararrun duniya ke nan, da bindigogin da kuɗinsu zai sayi gona, su ma kusan a takun Kawu suka tsaya.

Duk wannan ban san shi ba a 1989. Abin da na sani shi ne bayan mako biyu na iya samun murfin kwano a taku hamsin, kuma kaina ya fara girma.

Ranar da abin ya faru Kawu ya tafi jana'iza wani ƙauye. Ya bar mini bindigar da harsashi uku, ya ce in tsare gonar rani daga zabin daji da ke tone masa shuka, kuma kada in harba sai ta wajen gangaren. Da la'asar sakaliya zabin suka fito, sai dai ta ɗaya gefen suka fito, can bakin wasu sabara, nisan da na ƙiyasta zai kai taku ɗari da hamsin. Na yi rarrafe in matsa, suka ɗaga kai. Na san idan na ƙara taku ɗaya za su tashi. Sai na tuna yadda harsashin Kawu ya sauka ƙasa da murfi, na ce ai abin mai sauƙi ne, in ɗaga bakin bindiga sama kaɗan. Na ɗaga. Na ja kunama.

Zabin suka tashi fir, ko gashi ɗaya bai faɗi ba. Sai na ji kukan maraƙi daga bayan sabarar, sannan na ji ihun yaro.

Har yau idan na rufe ido ina ganin gudun da na yi. Na tsallaka sabarar na tarar da wani ɗan Fulani, sa'ana ko ƙasa da ni kaɗan, yana durƙushe a kan maraƙi ja. Jini na fita ta gefen cikinsa ta wata 'yar ƙofa da yatsa zai toshe. Yaron yana riƙe da igiyar maraƙin a hannunsa. Igiyar ba ta kai tsawon gaba ɗaya ba. Ya dube ni, ya dubi bindigar, bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba. Daga inda na kwanta ban ga shi ba, ban ga garkensa ba, zabi kawai na gani.

Da Kawu ya dawo bayan magariba na faɗa masa. Na shirya wa duka, har na ƙagu a yi a gama. Bai taɓa ni ba. Ya tambaye ni taku nawa, na faɗa. Ya tambaye ni abin da ke bayan sabarar, na ce ban duba ba. Ya ɗauki tocila ya ce in biyo shi.

Muka isa rugar ana sallar isha'i. Sun riga sun yanka maraƙin don kada ya mutu mushe. Kawu ya cire takalmi, ya tsuguna gaban ardo, wanda suka san juna shekara da shekaru, domin shanunsa ne ke kwana a gonar Kawu bayan girbi suna zuba taki. Ya ce ɗansa ya yi ɓarna, laifin kuma nasa ne shi da ya bar wa yaro bindiga. Ardo ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce tunda Allah ya tsare yaron, maraƙi ba komai ba ne, a bar maganar. Kawu ya ce ba za a bar ta ba. Suka yi ta ja, wannan na cewa ya yafe, wancan na cewa sai ya biya. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa ranar Alhamis za a tambayi kuɗin maraƙi irinsa a karar Shinkafi, Kawu ya biya da gero. Haka aka yi. Ni na kora jakin da ya kai buhunan. Da zan dawo uwar yaron ta ba ni ƙwaryar kindirmo in kai gida, ta ce in daina sunkuyar da kai.

A hanya daren nan ne Kawu ya ciro kwalin harsashi daga aljihu, ya haska tocila a kan wani rubutun Turanci a gefensa, ya ce in karanta tunda ni ɗan boko ne. Gargaɗi ne cewa harsashin yana da haɗari har nisan mil guda, wato kilomita 1.6. Wasu kwalayen na yanzu ma mil ɗaya da rabi suke rubutawa. Ya ce, "To ka gani. Tana samun abin da kaka so a taku hamsin, tana kashe abin da ba ka so har mil guda. Tsakanin nan da can duk mutane na." Bai sake ba ni ita ba sai bayan shekara biyu.

Na sake haɗuwa da yaron nan sau ɗaya, wajen 2006, a kasuwar Shinkafi. Shi ya gane ni. Ya zama magidanci da gemu, ya kawo bijimai biyu. Ya riƙe hannuna yana dariya yana gaya wa abokansa cewa ga maharbin da ya nemi zabo ya samu naman sa. Muka sha fura tare. A lokacin mutum yana tashi daga Ƙaura da asuba, ya bi ta Moriki ya ci kasuwar Shinkafi, ya dawo da dare bai tuna da komai ba sai ramukan hanya.

Wanda duk ya san ƙasar nan ya san abin da ya biyo baya. Satar shanu, 'yan sa-kai, ramuwar gayya, sannan garkuwa da mutane. Dajin Dumburum da muke jin sunansa a bakin maharba ya koma sunan da ake faɗa da ƙaramar murya. Rugar ardo ta tashi, ban san ranar ba, na dai je hutu na tarar da kufai. Kawu ya rasu kafin abin ya kai inda ya kai. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, muka yi makonni ba mu jin labarin 'yan'uwa na ƙauye sai in wani ya shigo gari. Bindigar da ke yawo a dajin yanzu AK-47 ce, wadda harsashinta ya ninka na Kawu nauyi sau uku, ya ninka shi gudu sau biyu, kuma yana iya tafiya fiye da kilomita 2 kafin ya faɗi. Masu riƙe da ita kuwa a kan babur suke harbi. A unguwarmu akwai matar da harsashi ya samu a cinya tana tsakar gidansu a ƙauye tana tankaɗe, ba ta ma ji ƙarar a kusa ba.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta lokacin Bello Matawalle ta ba da sanarwar cewa jama'a su nemi lasin mallakar bindiga don kare kansu. Aka yi ta muhawara a rediyo, 'yan sanda suka ce su ba su buɗe ba da lasin ba. A cikin makon ne taubashina, autan Kawu, wanda ya gaji gida da gona, ya zo Ƙaura ya same ni. Mu da muka saba da tsiya, ko gaisuwa ba ma gamawa sai ya ce na ƙara tumbi da kuɗin gwamnati, ranar nan sai ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo. Ya ciro wayarsa ya nuna mini wani bidiyo. Wani Ba'amurke ne kwance a fili, da bindiga mai cin irin harsashin ta Kawu, yana harbin faifan ƙarfe a yadi 300, kowane harbi sai ka ji "ƙwal".

Ya ce, "Malam, ashe ta Baba tana kai haka? Tana nan inda ya bar ta. Akwai sauran harsashi goma sha ɗaya. Daga kan soro zuwa bakin gulbi inda suka saba ɓullowa bai fi haka ba."

Na karɓi wayar na sake kallo. Abin da ke cikin bidiyon gaskiya ne, ana yin irin wannan gasa a can. Na nuna masa abin da bai lura da shi ba. Madubin hangen da ke kan bindigar, da na'urar auna nisa, da wata ta auna iska a hannun mutumin, da 'yan tutocin da aka kafa a filin. Harsashinsa sabo ne, zaɓaɓɓe, ya gwada kwali-kwali kafin ya samu wanda ya dace da bindigarsa. Faifan ƙarfen ba ya motsi, ba ya ramawa, kuma bayansa tudu ne da aka tara don ya tare duk wanda ya kuskure. Na ce masa ta Kawu ƙarfen saiti kawai gare ta, harsasanta kuma sun haura shekara talatin suna shan damina a cikin gwangwani, wasu ma ba lallai su tashi ba. Na ce takardar lasin sunan mamaci ke kanta, idan aka gan shi da ita shi za a fara kamawa. Sannan na tambaye shi abin da ke tsakanin soronsa da bakin gulbi.

Ya yi shiru. Ya san amsar, ni ma na sani: rijiyar unguwa, da makarantar allo, da hanyar da mata ke bi su gudu idan an shigo.

Ya ce, "To da mi zan tsaya? Ranar da sunka zo, in fito da lissafinka?"

Ban da abin da zan ce masa. Ni ina kwana a cikin gari, a gidan bulo, kusa da inda jami'an tsaro suke. Shi ne ke kwana da takalmi a ƙafa. Shi ne ya haɗa kuɗi da sauran magidanta aka kai daji kafin a bar su su yi girbi. Mutumin da ke cikin wannan hali idan ka karanta masa faɗuwar harsashi a mita 200, kamar ka yi wa mai jin yunwa bayanin yadda ake noman gero ne. Na ji kunyar ilimin nawa a ranar. Duk da haka ban iya ce masa bindigar za ta yi abin da ba za ta yi ba, domin na taɓa ɗaga bakinta sama kaɗan da irin wannan fata, na kuma ga tsawon igiyar da ke hannun yaron nan.

Sai na ba shi labarin maraƙin. Ashe bai taɓa ji ba, an haife shi bayan abin da shekara uku, Kawu kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya saurara har ƙarshe. Da na kai wurin kindirmo sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce yanzu wa zai je ya tsuguna gaban wa.

Ya kwana a wurina. Da safe na ce masa ɗakuna biyu na bayan gida babu kowa a ciki, ya kawo matarsa da yara da Inna, shi ya riƙa zuwa gona idan hanya ta yi kyau. Ya ce zai yi tunani. Bayan girbin shekarar ya kawo su a bayan wata motar ɗaukar kaya, da buhunan gero da akuya uku. Yaransa yanzu suna makaranta a Ƙaura, babbar tana ajin da nake koyarwa.

Bindigar bai kawo ta ba, ban kuma tambaye shi ba sai da aka kwana biyu. Ya ce ya zare ƙarfen da ke tura harsashi ya jefa a tsohuwar rijiyar bayan gida, harsasan ma haka, sauran kuma ya mayar cikin bargon ya rataye a saman ƙofar Kawu. Ya ce ya tsaya a kan soro ya ƙirga da ido, daga nan zuwa rijiyar unguwa taku sittin ne.

Har yanzu yana zuwa gona da damina, ya yi kwana uku ko huɗu ya dawo. Duk ranar da ya tafi, Inna ba ta cin abincin dare sai ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida ko ya bugo waya. A aji kuwa idan na zo darasin abin da aka jefa a iska, nakan zana layin nan mai lanƙwasa a allo, in sa yara su lissafa inda dutse zai faɗi. A bara 'yar taubashin nawa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a ina mai jifan yake tsaye, kuma su wa ke wajen da zai faɗi?" Na ce mata littafin bai faɗa ba, ta zauna mu gama lissafin tukuna.